Baba Sing Mai Tsallakar da Yara

Ranar wata Alhamis ce cikin watan Nuwamba na 1977. An tashe mu daga makaranta da la'asar, amma gari har ya soma duhu, irin na hunturun Landan. Ina riƙe da hannun ƙanena Sani a cikin ayarin yara, a bakin titin da ya raba makarantarmu da lungun gidajenmu a Whitechapel, sai muka ji kwalba ta fashe a jikin bango. Na ɗaga kai na hango su suna tahowa daga wajen tashar bas: samarin Turawa masu askin ƙwal-kwabo da manyan takalma, wani da sarƙa, wani da guntun katako. Duk yaron unguwar ya san su, su ne masu farautar 'yan Asiya da baƙar fata. Shekarata tara, Sani biyar, ga shi da ciwon asma. Gudu kaɗan zai yi ƙirjinsa ya toshe, sai asibiti. Babban mutum ɗaya ne tsakaninmu da su, tsoho Baba Sing, wanda aikinsa tsallakar da yara titi.

Bari in faɗi yadda muka san shi. Lokacin kuɗin man fetur ne, gwamnatin jiharmu ta turo Babanmu karatun injiniya, ya kwaso mu daga Kano muka sauka a ɗakuna biyu a saman wani tsohon bene. Ranar da muka iso, sai ga dattijo a ƙofar ƙasa da farin gemu har ƙirji da rawani naɗaɗɗe tsaf. Baba bai yi wata-wata ba ya tuɓe takalmi a kan sumintin nan mai sanyi, ya durƙusa yana "Allah gafarta Malam," mu ma muka zube a bayansa. Tsohon ya tsaya yana kallonmu baki buɗe. Sai da Baba ya tambaye shi alƙibla sannan tsohon ya gane inda aka dosa, ya yi dariya har da hawaye, ya ce shi ba Musulmi ba ne, ɗan addinin Sik ne daga Indiya. Duk da haka shi ya kai Baba masallaci da ƙafarsa. Umma dai ta daɗe tana tsokanar Baba da wannan durƙuso.

Bayan gidan akwai wani ɗan fili da muke kira tsakar gida don rashin wanda ya fi shi. A nan nake shanya kayan da ba sa bushewa, in ɗura kananzir a hitar ɗumama ɗaki, in zana 'yar gala-gala da alli in yi ni kaɗai. A nan kuma Baba Sing ya shuka na'ana'a da albasa a cikin wani tsohon bahon wanka. Yatsu biyu babu a hannunsa na hagu, kuma yana ɗingishi. Ni kuwa da shegen surutu, ban bar shi ya huta ba sai da ya gaya mini dalili.

Soja ne a yaƙin Burma, shi da yayansa, a rundunar Indiyawan da suka yi wa Ingila yaƙi. Ya ce wata rana Japanawa suka fi ƙarfinsu a daji, aka ce a ja da baya a haye wani kogi, ga masu rauni da yawa da sai an ɗauke su. Dole wasu su tsaya a gaɓa da bindiga su tare hanya har kowa ya haye, kuma duk wanda ya tsaya ya san ba zai biyo baya ba. Yayansa ya ce shi zai tsaya, wasu ma suka ce haka. Aka ɗora wa Baba Sing wani mai karyayyar ƙafa a baya, ya shiga ruwa har wuya, harsashi ya ɗauke masa yatsu bai saki mutumin ba. Yana jin ƙarar bindigar yayansa har ya kai tsallake, daga nan ta yi shiru. Ko gawa ba su samu ba. "Mai ja da baya ba ya gudu," in ji shi. "In ka ruga, za ka yar da wanda kake ɗauke da shi."

To, ranar Alhamis ɗin nan, da yara suka fara ihu suna shirin watsewa, sai muka ji wata murya da ba mu san yana da ita ba. Ya daka tsawa ɗaya kowa ya ƙame. Ya shiga tsakiyar titi da farar rigarsa ta aiki, ya ɗaga sandarsa ta tsayar da motoci mai faifai a kai, motoci suka tsaya, ya ce mu haye biyu-biyu, manya su riƙe ƙanana. Ni da Sani ne na ƙarshe saboda jan ƙafarsa. Na riga na fara jin ƙirjinsa yana fito. Baba Sing ya raka mu har bakin lungu, wanda faɗinsa bai wuce na mutum biyu ba, ya duƙa ya ce mini, "Hauwa, tafiya za ku yi, ban da gudu, kuma kada ki waiwaya."

Wallahi ban taɓa sanin lungun nan yana da tsawo haka ba. Ƙafafuna suna so su ruga, hannun Sani yana riƙe ni. Ina jin takalman nan suna matsowa, ina jin zagi, sai ƙarar katako a kan ƙarfe. Sani ya ce, "Yaya, numfashi," na ce masa ja a hankali, mun kusa. Ƙarya nake, ko rabi ba mu yi ba. Da na ji wani abu mai nauyi ya bugi ƙasa, sai na kasa daurewa na waiwaya. Baba Sing yana kan gwiwoyinsa a bakin lungun, rawanin ya faɗi, farin gashinsa ya zubo har kafaɗa, jini ya rufe masa ido ɗaya. Amma ya gitta sandar daga bango zuwa bango ya rungume ta, suna dukansa suna fizgarta, ya ƙi saki. Na juya na ci gaba da takawa ina kuka ba sauti, har muka faɗa jikin Umma a ƙofar gida.

Direbobin da ya tsayar ne suka fito suka kore su, 'yan sanda ba su zo ba sai da aka gama komai. Sani ya kwana lafiya a gida, ko asibiti ba a kai shi ba. Baba Sing kuwa ya karye a ƙugu, bai sake tsayawa a titin nan ba. 'Yarsa ta zo ta tafi da shi wata unguwa, kafin hunturu ya fita aka aiko mana ya mutu. Umma ta zauna a matakalar bene ta buɗe baki za ta yi addu'ar da aka saba yi wa mamaci, sai ta tsaya, don ba ta san ko ya halatta ba. Ta daɗe tana kuka kafin ta ce, "Allah dai ya ga abin da ya yi."

Yanzu in na bi ta wurin da ƙyar nake gane shi. An rushe benenmu, lungun ya zama shagon shan kofi, fitila ce ke tsayar da motoci, yara 'yan kowace ƙasa suna hayewa suna danna waya ba mai tsoron kowa. Duk watan Nuwamba ana tuna sojojin da suka mutu a yaƙi, ina zaune gaban talabijin ina jiran a ambaci irinsu Baba Sing da yayansa, ba kasafai nake ji ba, abin yana ƙona mini rai. Sani ya haura hamsin, yana Kano da 'ya'ya har da jika, kuma ya ce shi bai tuna komai ba sai yadda na matse masa hannu. Duk sanda ya kira ni a waya, nakan saurari numfashinsa kafin in amsa.