Tabarmar da Furera ta wuce

Da asuba, kafin ladan ya buɗe baki, Furera ta hura wuta bayan gidan likita na Kanan-Bakashe, tana dafa allurai a tsohuwar tukunya. Ba ta yi lakwal ba, ko ajin farko na boko. Shara aka ɗauke ta yi shekarar mulkin kai. Majo Abdurrahamane, babban mai jinya na wurin, ya ga hannunta ba ya rawa, ya koya mata allura. Da ta jima sai ga shi tana ɗora kunne a bayan mutum ta gane ko mura ta sauka huhu.

Ana tsakar cinikin gyaɗa muguwar mura ta shigo, wadda aka ce ta gama duniya. Kamyo-kamyo, manyan motocin kaya, suna wucewa shaƙe da buhuna, babu wadda ta dawo da kwalin magani. Ɗakuna suka cika, aka shimfiɗa tabarmi gindin itacen bedi. Majo kansa ya kwanta, aiki ya koma kan Furera.

Rannan aka kawo Illo daga wurin awon gyaɗa, inda yake dako. Ɗan farinta ne. Kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe, shi ya sa Yaya yake ce wa Furera. Furera ba ta taɓa faɗin sunansa ba, ba ta kallonsa cikin mutane, kamar kowace uwa mai kunya.

Ta bi tabarmi tana saurarar bayan kowa. Da ta kai tasa, ga 'yan unguwa zaune, sai ta wuce.

"Furera, ga naki nan," in ji Uwani, ƙanwar mijinta. "Ko sai majo ya sa hannu?"

"Ƙato kamar wanga?" in ji Furera. "Ba shi kunu, gobe ya koma ga buhunansa."

"Bar ta, Gwaggo," in ji Illo. "Kin san Yaya. Ko ni kaɗai na rage a duniya sai na bi layi." Ya yi dariya, tari ya sarƙe shi.

Penisilin da ta rage ta yi wa wani tsohon makiyayi da wata mai jego. A ranta ta ce majo zai tashi ya duba yaron. Majo bai tashi ba. Daga can gefen fili tana jin tarin Illo cikin na mutane, tana jin yadda yake ƙara tsananta kullum.

Sai wata azahar, maza sun tafi salla, mata na gyangyaɗi, ta durƙusa ta ɗora kunne a bayansa. Kamar ana niƙa tsakuwa, dama da hagu. Ta je ta zazzage kwalabe, babu ko ɗigo.

Bai kai la'asar ba. Ba ta yi kuka ba, idon mutane na kanta.

Maza na fita da shi aka sauke wata mata daga jaki, tana numfashi da kyar. Furera ta kakkaɓe tabarmar, ta juya ta.

"Ku kwantar da ita nan," ta ce.