Baturiyar da ke Cikin Kwamfutar Oga

A ƙarshen shekarun casa'in, ina budurwa, na yi aikin buga takardu a wani shago kusa da tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan. Mai shagon Ibo ne, ɗan wani tsohon direban jirgi, Oga muke ce masa. Kwamfutarmu tokumbo ce, daga Turai ta zo. In an kunna ta sunaye uku take nunawa: na Oga, nawa, sai na wata Baturiya da ba wanda ya taɓa gani.

Abin haushin, akwai wata ƙaramar kwamfuta a cikin cikinta. Wata taga kake buɗewa a kan allo, sai ga wata na'ura mai nata tsarin, kuma a nan kawai muke iya tsara katin biki da takardun waƙoƙin coci. In na shiga da sunana, ta ƙi buɗuwa. Da sunan Oga ma haka. Da sunan matar kuwa, nan take. Ni kaina ban yarda da abin ba, har na fara zargin Oga ne ya rufe ni don kada in ƙware in gudu.

Matar Oga, wato Madam, atamfa take sayarwa a kasuwa, kuma idonta ba ya barin komai. Ranar da ta kawo masa abinci ta tarar da ni ina aiki, ga sunan mace a saman allo.

"Wane ne wannan?" in ji ta, da Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji.

"Mai kwamfutar ta farko ce, Madam."

"To me ya sa kai ne yana amsa sunansa?"

Daga ranar ta yanke cewa sunan shagwaɓa ne Oga ya raɗa mini. Ni da ko murmushinsa ban taɓa gani ba! Na ji tsoro ƙwarai, don da aikin nan nake riƙe mahaifiyata.

Oga ya ɗauko wani malamin makarantar mishan daga Kagoro ya raba gardama. Malamin ya duba, ya ce ƙaramar na'urar a ɗakin Baturiyar aka ajiye ta, ita kaɗai ke da izinin shiga. A ba shi lokaci ya samo faifai ya kwashe abin da ke ciki, kafin a taɓa sunan.

"Kai ma an saye ka," in ji Madam. "A goge shi yanzu, ina gani."

Oga ya dube ni, ya dubi matarsa, ya ce a goge.

Aka goge. Sunan ya tafi, ƙaramar na'urar ta bi shi, da duk katunan mutane. Na ɗauka aƙalla na wanku. Madam ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, "Ka gani? Mai gaskiya ba ya gudu da kaya."

Oga ya ce in zauna a gida sai an gyara, ba a kuwa gyara ba. Bayan shekaru na haɗu da Madam a kasuwa, ta tare ni da fara'a, ta tambayi jikin mahaifiyata. Da sunan Baturiyar ta gaishe ni.