Labulen Shagon Don-Me

Shagona na ɗinki yana kallon shagon askin Don-Me, titi ne kawai a tsakaninmu. Saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa da idona na gani, sai ɗan abin da kunnena ya taya ni.

Tun yana ƙarami sunan ya kama shi. Babansa, wanda ya buɗe shagon, ya sha ba mu labarin yadda yaron ya hana shi sakat da tambaya. Don me gashi yake ci gaba da tsiro bayan mutum ya daina tsawo? Don me sanƙo yake farawa daga tsakiyar kai? Ya girma, ya yi aure, ya tara iyali, amma halin bai sake shi ba. Ni kaina ya taɓa tsare ni da rana tsaka, wai sai na gaya masa dalilin da ya sa maɓallan rigar maza suke gefe ɗaya, na mata suke ɗaya gefen. Na ce masa haka na tarar. Ya dube ni kamar na zage shi.

Shagon da ya gada ɗan tsukuku ne mai duhu: ƙofar katako, 'yar taga can sama, benci, da wata tsohuwar kujera mai kuka duk sanda aka juya ta. Masu zuwa kuwa yawanci dattawa ne da waɗanda suka doshi dattako. A yi musu aski, a gyara gemu, mai furfura a shafa masa baƙin rini ya fito titi yana taku kamar saurayi. Babba a cikinsu shi ne Baba Direba, aminin marigayi babansa, wanda tun da aka buɗe shagon babu hannun da ya taɓa kansa sai na gidan nan.

Bayan rasuwar mahaifin, Don-Me ya ce duhun nan ya ishe shi. Ya rushe bangon gaba gaba ɗaya, ya sa gilashi tun daga ƙasa har rufi, ya jera fararen fitilu, ya sayi sabuwar kujera ya ajiye ta daf da gilashin. Gaskiya shagon ya yi kyau. Ni da nake tsallaken titi sai da na ji haushin nawa shagon.

Samari suka yi ta tururuwa a farkon lamarin. Suka yi aski, suka ɗauki hotuna, da aka buɗe wani sabon wuri a babban titi suka kwashe suka koma can. Dattawan kuma suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya, babu faɗa, babu sallama. Baba Direba ne ya fi daɗewa yana lallaɓowa, daga baya shi ma aka daina ganinsa.

Kafin a ankara, Don-Me ya koma goge gilashi daga safe har yamma. Yayan matarsa, mai sayar da kayan gini, ya ce ya zo ya riƙe masa sito. Matar tasa ma ta ce masa a hankali, in shekara ta ƙare a haka, gara a ba da shagon haya. Ya tsallako shagona ya gaya mini.

"Tela, shagon Baba fa. A hannuna zai mutu?"

Wani da ya samu kansa a haka sai ya ce hannu aka sa masa. Don-Me bincike ya shiga. Ya canza man da yake shafa wa mutane bayan aski. Ya rage ƙarar rediyo. Ya je gida ya ɗauko tsohon bencin babansa, ko shi dattawan suke kewa. Har ni ya kama ya aske ni ƙarfi da yaji, yana tambayata ko hannunsa ya yi nauyi. Ya taka har gidan Baba Direba, ya same shi a ƙofar gida da hula a danne har kunne.

"Baba, laifin me na yi?"

"Babu komai, ɗana. Ƙafa ce take damuna."

Ƙafar da kullum muke ganinta tana zuwa kasuwa tana dawowa.

Wata ranar da ko ƙuda bai shiga shagon ba, sai na ga yana ɗaga mini hannu. Na tsallaka. Na same shi a gaban madubi yana duban wasu 'yan fararen gashi da suka fito masa a gefen kunne.

"Tela, ka san tun da na sayi kujerar nan ban taɓa zama a kanta ba? Zo ka shafa mini rinin nan, in ji abin da suke ji."

Na ce ni allura na iya. Ya ce ai shafa ce kawai. Ya cire hula ya zauna, na ɗaura masa ƙyalle a wuya, na dama rinin na lafta masa iya iyawata. Shi kuwa rini ba a wanke shi nan take, sai mutum ya zauna ya jira ya kama.

A wannan jiran ne titi ya fara aikinsa. Mai tura kurar ruwa ya rage tafiya yana leƙe. Wasu mata biyu da suka fito daga kasuwa suka taɓa juna. Mai walda na gefen shagona ya ɗage tabaransa don ya gani da kyau. Don-Me ya fara mutsu-mutsu a kujera.

Sai ga surukarsa, uwar matarsa, ta biyo ta layin za ta gidan 'yarta. Ta tsaya, ta kafa goshi a jikin gilashin, ta kare idonta da hannu. Don-Me ya zabura zai miƙe ya gaishe ta, ƙyallen ya harɗe shi, baƙin ruwa yana gangaro masa ta bayan kunne. Ta turo ƙofa.

"Sannu da aiki. Au! Ashe kai ma ka fara?"

"Ina wuni, Inna," in ji shi, kansa a ƙasa.

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Da ta wuce na juyo, sai na ga shi ba dariya yake ba. Ya zuba wa titi ido.

"Tela, ashe abin da na yi wa su Baba ke nan."

Nan take na ba shi shawarar ya kira magini a mayar da bango. Ya ce don me? Hasken bai yi masa laifi ba, tun da ya sa gilashin bai ƙara yankar kowa ba. Idon mutane ne matsalar, kuma ido yana da iyakar tsayinsa. Washegari ya sa na zo da tef ɗin awo. Ya zauna a kujera, ya sa mai walda, wanda ya fi kowa tsawo a layinmu, ya yi ta kai da kawowa a waje yana faɗin abin da yake hangowa. Ni kuma ina ɗaga wani tsohon yadi sama ina sauke shi ƙasa, har hannuna ya sage. A ƙarshe ya sa alli ya ja layi biyu a jikin gilashin, ɗaya daidai gwiwa, ɗaya sama da kan mai walda.

Labulen da na ɗinka masa tsakanin layukan nan kawai ya rufe. Ta sama haske yana shiga. Ta ƙasa kuma, na tambaye shi me ya sa ba za mu rufe har ƙasa ba.

"Bar musu ƙafafu," in ji shi. "In mai wucewa ya ga takalma a jere, ya san ana aiki a ciki. Amma ba zai san kan wa ake yi wa ba."

Abin ya ba ni mamaki yadda ya ci. A hankali takalman suka fara dawowa, na malamin makaranta, na mai kemis, har da waɗansu da ban taɓa gani a layinmu ba. Maganar haya ta mutu, yayan matarsa ya nemi wani mai riƙe sito. Amma Don-Me bai saki jiki ba, don mutum ɗaya bai dawo ba.

Ranar da Baba Direba ya zo, ina cikin shagon ina gyara zoben labulen da ya ɓalle. Mun ga ƙafafunsa ta ƙasa, ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa, yana gwada ko ana hango ciki. Sannan ya shigo ya yi sallama ya zauna. Ya daɗe kafin ya kai hannu ya cire hular. Kan nan fari fat kamar auduga, an datse shi tudu da kwari da almakashin gida.

Don-Me ya yi sauri ya ɗauko kwanon rini.

"Ajiye shi, ɗana," in ji Baba Direba. "Shekara da shekaru babanka yana rufa mini asiri, ko tsohuwata ba ta taɓa ganin farin nan ba. Yanzu ita take rage mini shi, jikoki na tsaye suna kallo. Wa kuma zan ɓoye wa? Aske kawai."

Na ga idon Don-Me ya cika. Ya mayar da kwanon inda ya ɗauko shi, ya ɗaura wa tsohon ƙyalle a wuya, ya kunna injin aski, farin gashi ya fara zuba a kan cinyar Baba.