Ranar da Ƙanwata Ta Bar Wayar Tana Ƙara

A shekarata ta uku ina aikin fenti a Makka na kamu da son kiɗan wani tsohon Bature mai buga fiyano. Basudanen da muke ɗaki ɗaya a unguwar Zahir ne ya turo mini. Ya ce mutumin ya daɗe yana abinsa ba mai kula shi, sai da masu fim suka fara ɗauka duniya ta san da zamansa. Kiɗan ba wani abin a zo a gani ba ne: sauti huɗu ko biyar, ya maimaita, ya sake maimaitawa, kamar famfo mai ɗiga. Ni dai ya kwanta mini.

Shi na sa wa lambar ƙanwata, wadda ke jinyar Inna a Kano. Ita filashin kawai take yi, ni in kira. Sauti uku, ta kashe. Haka muka saba.

Wata La'asar muna raka'a ta biyu a masallacin unguwa, wayar ta ɗauka a aljihuna, ashe ban kashe ta ba. Na jira ta tsinke, ba ta tsinke ba. Ta wuce ukun, har ta kai inda amo mai kauri ke shigowa daga ƙasa. Dattijon da ke damana ya yi gyaran murya. Kiɗa a cikin sahu, a Makka! Amma wallahi ba kunya ce ta kama ni ba, tsoro ne. Fatiha ta kuɓuce mini, hannuna ya ƙi zuwa aljihu. Wayar ta yi shiru, muna sujada ta sake farowa.

Ana sallama dattijon, irin Hausawan nan haihuwar Makka, ya juyo.

"Haram alaik, ya waladi. A ɗakin Allah?"

Na fita ko takalmi ban tsaya nema ba, na kira. Kawu ne ya ɗauka, mutumin da bai taɓa nemana a waya ba. Ya tambayi aiki, ya tambayi zafi.

"Kawu, ina Inna?"

"Akwai wani babba kusa da kai? Ba shi wayar."

Na waiwaya. Dattijon na saukowa daga matakala, fuskarsa a murtuke har yanzu. Na miƙa masa da hannu biyu.