Murfin Kwalin Maganin da Na Riƙe Shekara Tara

Edita, ina gaisuwa, ina kuma roƙon ɗan fili in tona wa kaina asiri. Lokacin da wanga abu ya faro, ni ɗan kasuwar albasa ne mai shekara arba'in da 'yan kai. Gidana yana Mabera, amma zaman nawa na suna ne, don rabin shekara bisa hanya nake cinye ta. Legas, Fatakwal, Kwatano, Kumasi, babu tashar da ban sha shayinta ba. Kun kuwa san halin wanda ya yi yawo, gani yake duk ilimin duniya ya biyo shi gida cikin jaka.

A wata tafiya ciwon kai ya matsa mani a Ibadan, na shiga asibiti, likita ya ce hawan jini ne. Ya rubuta mani wata 'yar ƙwaya, ya ce in na koma Sakkwato in sami likitan da zai riƙa duba ni. Na ɗauki maganar ƙwaya, ta likita kuwa na baro ta can. Na yage murfin kwalin na sa a aljihun gaba, duk garin da na sauka sai in shiga kemis in miƙa shi a ba ni irinsa. Shekara tara ina haka, har murfin ya yi laushi kamar tsumma. Da na je Umra kuma na sayo injin awon jini, mai ɗamarar nan da ake ɗaurawa a damtse, to nan abin ya ƙarasa lalacewa. Bayan La'asar sai in fito da shi majalisarmu ta ƙofar gida, in auna tela, in auna mai faci, in auna ladan, ina ba kowa fatawa, har sunka laƙaba mani Dakta Albasa. Nawa awon kullum yana tsayawa kusan daidai da na ƙanena da na ba shekara ashirin, sai in yi ta yi masa tsiya cewa ni tsoho ne a gemu kawai.

Maƙwabciyarmu tsohuwar malamar asibiti ce, 'yar Filato, da Maman Yara duk unguwa ke kiranta. Ranar da ta ga murfin nan ta riƙe haɓa, ta ce Alhaji, shekara tara babu wanda ya saurari ƙirjinka? Na ce mata Maman Yara, asibitocin da na gani ta tagar mota sun fi waɗanda kika yi aiki ciki yawa. Ta yi dariya, ta ce ai daga waje na gan su.

Kakar albasa ta shekarar da na cika hamsin da huɗu, na kama tsanin babbar mota zan hau in duba lodi, abin da nake yi tun ina saurayi. Ina tsakiya numfashi ya ƙi zuwa. Na sauko na zauna bisa buhu ina haki, 'yan dako sunka kau da kai don kar in ji kunya. Na dawo gida na ɗaura injina, ya ce lafiya lau. Na gaskata shi na ƙaryata ƙirjina. Sati biyu bayan haka ƙafafuna sunka kumbura har takalmina ya daina shiga, sujada ma ta zama aiki. Maiɗakina ba ta yi gardama da ni ba. Da ta zo wankin rigata sai ta cire murfin ta ɓoye, ta ce Alhaji, ƙwayar da ta rage ta kwana uku ce, wanda zai ba ka wata sai mai farar riga. Washegari Maman Yara ta raka mu asibiti tana tafe tana cewa yau dai Dakta zai ga dakta.

Likitar ba ta wuce sa'ar 'yata ba. Anka yi mani hoton zuciya da gwajin ƙoda, ta ce Baba, naman zuciyarka ya yi kauri saboda daɗewa yana turin abin da ya fi ƙarfinsa, ƙoda ma ta fara nuna gajiya. Na zaro injina daga jaka don ya ba da shaida, na ce mata awona da na ƙanena kusan ɗaya suke. Ba ta raina shi ba, ta auna ni da shi, ta auna da nata, sunka zo ɗaya. Sai ta tambaye ni ko na san noman rani. Na ce a fadama anka yanke mani cibiya. Ta ce to zuciya injin ban ruwa ce, jijiyoyi kuma tiyo. Sabon tiyo mai laushi yakan buɗe ya shanye bugun ruwa, wanda rana ta busar kuwa mayar wa injin bugun yake yi. Ɗamarata tana faɗin abin da ke damtse ne, can tsakiyar gona, amma ƙarfin da ke bakin zuciya, wanda ƙwaƙwalwa da ƙoda ke sha, daban yake. Ga matashi irin ƙanena, na bakin zuciya yakan yi ƙasa sosai da na hannu. Ga mai shekaruna da hawan jini ya daɗe yana busar wa jijiyoyi, tazarar takan ragu. Lambarmu ɗaya, kayan da zukatanmu ke ɗauka ba ɗaya ba. Ta ƙara da cewa irin ƙwayata takan saukar da na hannu fiye da yadda take saukar da na bakin zuciya, kuma da ina zuwa ana duba ni, da tuni an sake lale.

Na tambaye ta ko hanya ta ƙare mani ke nan. Ta ce wannan yana hannun Allah, sannan yana hannuna. A nan na ɗaura niyya. Ta canja mani magani a hankali, ta gargaɗe ni kada in taɓa yanke tsohon kwatsam da kaina. Anka rage gishiri da dunƙule a miya, kilishi ya koma gaisuwa daga nesa. Kullum bayan Asuba nakan taka daga Mabera zuwa Minanata in dawo, ranar asibiti kuwa ko mota goma ke jirana sai sun jira. Bayan wata takwas ta yarje mani in je Legas, amma ban da hawa tsani.

Abin da na koya, injin bai taɓa yi mani ƙarya ba, abin da ya sani ya faɗa, ni na ɗora masa rawanin likita. 'Yan uwa masu hawan jini, ku ci gaba da awo a gida, yana da amfani, amma ku kai lambar wurin wanda zai duba zuciya da ƙoda da ido. Kada ku gwada awonku da na yaro ku yi murna, kada kuma ku mai da tsohon kwali takardar likita. Har yau ina fita majalisa da injina, sai dai duk wanda na auna sai na tambaye shi yaushe rabonsa da asibiti. Satin jiya tela ya zaro nasa murfin kwalin daga hula yana yi mani murmushi. Na karɓe na sa aljihu, na ce ya shirya, Litinin da ƙarfe bakwai ina ƙofar shagonsa.