Ranar da Yayana Ya Danne Baffa a Wajen Ɗaurin Aure

Shekarun baya, lokacin da yayin ɗaukar hoton biki daga sama ya shigo, an yi wani abu a gidanmu da har yau in na tuna sai na ji ƙirjina ya ɗau zafi. Bari in ba ku labarin, ko na ɗan huce.

Mu 'yan wani ƙauye ne a bayan Roni, amma ni a Kano nake buga-bugata, a kasuwar waya. Yayana soja ne. Tun da aka tura shi arewa maso gabas sai mu daɗe ba mu ji muryarsa ba, in ya kira ma zancen ba ya wuce "ina lafiya, a ci gaba da addu'a". Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, yayansa ne ya riƙe mu, shi muke kira Baffa. Mutum ne mai kwarjini, a tsugune ake jin maganarsa.

To ɗan Baffa zai yi aure, Yaya ya yi ta fama har ya samu hutun 'yan kwanaki. Ya zo a rame, ya yi baƙi, ba ya son hayaniya, amma dai ya zo. Ranar ɗaurin aure ya sa shaddarsa ya zauna dab da Baffa a kan tabarma a ƙofar gida.

Abokan ango 'yan gayu ne. Sun ɗauko mai hoto daga Kazaure, shi kuma ya zo da ɗan jirgin nan maras matuƙi da ake ce wa diron. Ba su gaya wa kowa ba, wai so suke su ba da mamaki. An shafa fatiha, ana raba goro da dabino, sai mai hoton ya tayar da abinsa daga bayan katanga. Kun san ƙararsa, zuuu, kamar an tsokano amyar zuma. Ya ɓullo ta kan darbejiya ya tsaya cak a saman mutane.

Ni dai abin da na ji shi ne muryar Yaya, wata murya da ban san shi da ita ba: "Ku kwanta!" Kafin in waiga ya yi tsalle ya danne Baffa a ƙasa, ya rufe shi da jikinsa, ya dafe masa kai da hannu. Rawani ya warware, sanda ta yi gefe, farantin goro ya kife.

Sai wani ya ƙyalƙyale da dariya, shi ke nan kowa ya ɗauka. Wayoyi suka tashi sama. Yaya ya ɗago yana haki, ya dubi jirgin, ya dubi mai hoton da ya leƙo yana murmushi, ya dubi jama'a. A fuskarsa na ga lokacin da ya gane inda yake. Ya miƙa hannu zai tayar da Baffa, Baffa ya doke hannun.

Kafin la'asar bidiyon ya zaga guruf ɗin dangi, ya fita waje. Wani ɗan albarka har kiɗa ya ɗora masa, ya rubuta wai ga sojan da abin wasan yara ya sa shi neman rami. A cikin gida mata na cewa iska ce ta shige shi a daji, samari na cewa ƙwaya ce, ai duk haka suke. Na samu abokin angon da ya fara yaɗawa na ci kwalarsa. Ni da guguwa mai ƙarfi ke iya ɗauka. Ɗaga ni ya yi cak ya ajiye a gefe kamar buhun ƙaiƙayi, ya ce, "Ɗan birni, wasa ne fa, me ya yi zafi?"

Baffa kuwa ko abincin bikin bai ci ba. Ya ce ya riƙe yaro da hannunsa, yau ya tumurmusa shi a ƙasa a gaban surukai da suka taso tun daga Gwiwa. Ya ce kada ya ƙara taka masa zaure. Wanda bai san gidanmu ba zai ce ƙaramar magana ce. A wurinmu, wanda Baffa ya hana wa zaure ba shi da gida.

Mahaifiyata ta yi kuka ta ƙoshi, sannan ta ce wa Yaya ya je ya ba da haƙuri, babba ba ya laifi. Na ce mata haƙurin me, ya kashe wani ne? Ta ce in rufe mata baki, a Kano aka koya min musu.

Da safe na raka shi. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin zaure, kansa a ƙasa. Ya ce, "Baffa, na yi kuskure, ku yafe min."

Baffa bai ko kalle shi ba. Ya ce, "Kai ne sojan? Bindiga aka ba ka kake tsare ƙasa, kwandon roba mai fiffike ya sa ka zubar da ni a gaban baƙi? In kai matsoraci ne, ka ji tsoronka kai kaɗai mana."

Na buɗe baki zan yi magana, Yaya ya matse min ƙafa. Ya sake cewa a yafe masa. Baffa ya ce ya ji, a tashi a ba shi wuri. Irin "na ji" ɗin nan da kowa ya san ba a ji ba.

Ranar Yaya ya haɗa jakarsa, hutun ma bai ƙare ba. Na ari babur na kai shi tashar Kazaure. Muna zaune a kan benci muna jiran mota ta cika, shi ne ya yi min maganar da bai yi wa kowa ba.

Ya ce da, in 'yan ta'adda za su zo, ana jin ƙarar baburansu, a hango ƙura, a shirya. Yanzu irin wannan abin ne ke fara zuwa, sak irin na mai hoton, wanda ake saye a kasuwa. Wani lokaci leƙe kawai yake yi ya koma, sai ruwan wuta ya biyo baya daidai inda kuke. Wani lokaci kuma an ɗaura masa abin fashewa a ciki, ya saki ya wuce. Ya ce su ma suna da nasu, manya, wani na zaune a ɗaki can nesa yana kallon allo yana ganin har akuyar da ke kiwo. Yaƙin ya koma wa ya fara ganin wa. Ƙarfin ƙirji ba ya tare abin da ke zuwa daga sama.

Ya ce yana da aboki, Kirista ne daga kudu, kwano ɗaya suke ci. Rannan suna dafa shinkafa suka ji zuuu. Shi ya faɗi ƙasa, abokin ya ɗaga kai ya duba. Ya ce tun daga ranar shi kaɗai yake ci a kwanon nan.

Na ce to me ya sa Baffa, duk mutanen wurin? Ya ce, "Na duba wanda ba zai iya gudu ba."

Wallahi a bencin nan ji na yi kamar in koma ƙauye in tara su in zage su tas. Mutum ya sa bayansa tsakanin tsoho da abin da ya ɗauka mutuwa ce, ladansa kiɗa a kan bidiyo da tsugunon ban haƙuri.

Na koma na gaya wa Baffa duk abin da na ji, a tsaye ma, ban tsuguna ba. Ya ci gaba da murɗa rediyonsa. An daɗe a haka. Yaya in ya kira ya ce a gaishe shi, sai Baffa ya amsa da ka.

Sai da aurena ya zo. Yaya ya ce ba lallai ya samu zuwa ba, na san kuma ba hutu ne matsalar ba. Na nace har ya zo, ya raɓe can baya. Abokaina 'yan kasuwar waya, da yake halinsu ɗaya ne da abokan wancan angon, suka zo da mai hoto duk da na hana. Yana buɗe akwatin diron, sai Baffa ya nuna shi da sanda ya ce, "Kai, mayar da wannan abin. Ba a ƙofar gidana ba." Sannan ya waiga ya ce ina sojan nan, ya taso ya zauna nan kusa da shi.

Iyakar haƙurin da tsoho zai bayar ke nan, kuma Yaya ya karɓa. Ni ne ban huce ba. A layinmu har yau ana taruwa a kan waya ɗaya ana kallon yadda jiragen nan ke farautar sojojin wasu ƙasashe, ana shewa kamar an ci ƙwallo, ana cewa kai, zamani ya zo. Kwanan baya wani ya miƙo min waya yana dariya, ya ce in ga wani soja da tsoho a wajen biki. Na karɓa na kalla har ƙarshe, na miƙa masa abarsa na ce ya sake kallo, amma wannan karon ya duba inda hannun sojan yake.