Farantin da Aka Zana wa Baffa Iliya

Na ɗauke ta, jama'a. Gwarzon ɗan ƙwallon shekara a gasar sassan makarantarmu, ni Naziru ɗan aji uku, wanda wasu ke cewa ƙafafunsa kamar tsinken tsire. Jiya da la'asar aka kira sunana, 'yan gurup ɗinmu suka ɗaga ni sama har wandona ya kusa rabuwa biyu. Duk wanda ya turo saƙo na gani, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya, data ce ta yi min tsiya. Amma ba don murna nake wannan dogon rubutun ba. Ku daure ku kai ƙarshe, akwai abin da nake nema a wurinku.

Farantin da aka ba ni babu suna a jiki, sai yau da safe aka kai wa mai zane. Na ce ƙafata ƙafarsu. Na tsaya a kan mutumin har ya ƙosa, ya ɗago ya ce, "Malam, shekara nawa ina wannan aikin? Je ka sha shayi ka dawo." Na ce ba inda za ni. Bai san dalili ba. Dalilin yana wurin kakata, Iya Tabawa, Allah Ya jiƙanta.

Muna yara a Ɗorayi, Iya gyaɗa take soyawa, ana kai mata bakin kamfanoni a Sharaɗa. Da an sallame magariba za ta ɗora kasko a murhu, ta zuba yashi, ta ja kujerarta 'yar tsugunno. Ni da ƙanwata Ummi da yaran maƙwabta mu kewaye ta, wai taya ta aiki, alhali mai zafin nan da take tsamowa don ɗanɗano muke jira. Daga nesa kana jin jiniyar kamfani tana kiran masu canjin aiki. Hayaƙi ya shiga ido, yashi yana ƙara a ƙarƙashin ludayi. Ni ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai "mijin da ba ya cefane".

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa yake buɗewa. Sai ta ƙwanƙwasa ludayi a bakin kasko sau biyu ta ce, "Ga wata ta fito daga cikin yashi, wa zai tara hannu?"

Mu ce, "Mun tara."

Tana da su da yawa, amma akwai ɗaya da take dawo da ita duk damina, ko ba mu roƙa ba. Wai akwai wata ƙasa can gaba da Masar, sunanta Yukuren, inda in ka tofar da yawu yake zama tsakuwa kafin ya taɓa ƙasa. Mu a lokacin mun ɗauka ita ta ƙirƙiri sunan. Mutanen ƙasar suna da wata al'ada: duk shekara masu rubutu za su zauna su zaɓi mutum ɗaya da ya fi kowa iya ƙwallo, su sa sunansa a littafi. "Kuma ba a gogewa," in ji Iya, tana nuna mu da ludayi. "Ya tsufa, yana nan. Ya karye, yana nan. Ya mutu, jikansa ya zo ya karanta."

Sai wani mutumin ƙasar ya zo nan garin da farantin tagulla, ya ce shi ma zai yi irin ta garinsu. To akwai Jaki, yana aiki a wani babban gida da ba a shiga sai da lamba a wuya. Ruwa ya sauka, Jaki zai tafi gona, sai ya cire lambarsa ya rataya wa ƙaninsa Zomo, don kada a ba wani gurbinsa. Ummi takan ce, "Iya, ya za a yi jaki ya zama yayan zomo?" Iya ta ce, "Uwarsu za ki tambaya, ni gyaɗa nake soyawa."

Zomo ya shiga gidan, ya yi aikin Jaki, da yamma kuma ya buga ƙwallo. Ya yanke na gabas, ya yanke na yamma, har kura ta zauna a ƙasa tana kallon ƙafarta. Kowa ya ce Zomo ne gwani. Mai faranti ya zo zai rubuta suna, ya kama lambar wuyan Zomo ya duba, ya rubuta Jaki. Zomo ya ruga wurin wata tsohuwa ya ce zai je ya faɗi gaskiya. Tsohuwa ta ce, "In ka buɗe baki, a kore ka, a kori yayanka, a kori duk wanda ya san zancen. Yi shiru. Baɗi ma shekara ce." Kaka ta yi, Jaki ya dawo ya karɓi lambarsa, ya saɓi faranti ya kai ɗakinsa.

A nan take tsayawa. Ta kwashe gyaɗa ta ce, "Ta ƙone, a tashi."

Wallahi haushi muke ji. A duk tatsuniyar duniya zomo yana ramawa, wannan wane irin zomo ne? Mu yi ta zagin tsohuwar nan. Ni nakan ce muguwa ce, da na gan ta sai na jefe ta da dutse. Iya ba ta taɓa hana mu ba. Sai ta ce, "Ƙara mata, mijin da ba ya cefane. Ta ci a ƙara mata." Babana kuwa, Malam Habu, in ya dawo daga ɗaukar kaya yana zaune a bakin ƙofa, da ya ji an ambaci Yukuren sai ya sa takalmi ya fita. Mun ɗauka masallaci yake sauri.

Ga abin dariya. Duk sallah muna zuwa gaida Baffa Iliya, yayan babana, a Na'ibawa. A falonsa akwai farantin tagulla a bango, an zana ƙwallo da sunansa. Na yi shekaru ina cika wa yara baki a makaranta cewa baffana ya taɓa zama gwarzon kamfanonin Kano gaba ɗaya. Ina jin tatsuniya a gida, ina ganin faranti a bango, kuma ko sau ɗaya kaina bai haɗa su ba. Daƙiƙi na gaske.

Sai bayan rasuwar Iya. Mun je buga wasa a wani fili a Dakata, na ci biyu. Ina cire takalmi wani tsoho mai gadin wani rufaffen sito a Bompai ya yafito ni. Sunansa Malam Ɗan'azumi.

"Yaro, kai ɗan waye?"

Na ce, "Ɗan Malam Habu ne, na Ɗorayi. Amma ƙwallon a wurin baffana na gada, Iliya. Ƙila kun san shi, shi ya ci faranti."

Tsohon nan ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Iliya? Iliya ko ƙwallo aka ɗaure masa a ƙafa sai ta kwance ta gudu. Zauna."

Shi ne mai tsaron gidan 'yan majemar Challawa a shekarar da aka ci farantin, ya ce har gobe yana jin ƙwallayen da aka zura masa. Ga yadda abin yake. A masaƙar da Baffa yake aiki a Sharaɗa, in damina ta faɗi 'yan ƙauye sukan koma gona su bar wa ɗan'uwa katinsu, ya riƙa bugawa a ƙofa yana aiki da sunansu har kaka. Helma, wato shugaban leburori, ya sani, ya kau da kai, tunda duk 'yan garinsu ne na Jigawa, shi ya kawo su. Manya na ofis ne kawai ba su sani ba, kuma dokar ita ce in aka kama, mai kati da mai aro da helma duk waje. Baffa ma ya tafi gona ya bar wa babana katinsa. Don haka wata biyar babana yana amsa sunan Iliya, a bakin inji da cikin filin ƙwallo. Har 'yan kallo abin da suke ihu ke nan.

A shekarar akwai wani Bature ɗan Yukuren da aka kawo ya haɗa sababbin injina. Mayen ƙwallo ne. Yana yawo da wani yankakken shafin jarida a aljihu, jerin gwanayen ƙasarsu na kowace shekara, yana nuna wa leburori da yatsa yana ba su labarin inda kowanne ya kai. Shi ya ce a gasar kamfanonin Sharaɗa da Challawa da Bompai ma a zaɓi gwarzo. Kyaftin-kyaftin suka zaɓa, kowa ya ce Iliya na masaƙa. Bature ya buɗe rajista, ya kwafi cikakken suna, ya sa aka zana.

Na ce, "To ai faranti ne kawai, Malam."

Ya ce, "Da faranti ne kawai da sauƙi. Kafin ya tafi ya rubuta wa wani koci takarda, ya ce ga yaro nan a Sharaɗa, kada a bari ya lalace. Kocin bai zo ba sai bayan kaka. Ya tsaya a ƙofa ya ce Iliya yake nema. Aka kira masa Iliya. Ya jefa masa ƙwallo sau uku, ya shiga motarsa. Ubanka yana tsallaken titi yana sauke buhu daga tirela, yana kallo."

Na ce, "Me ya hana shi magana?"

"Tsohuwarku, uwarsu, ita ta hana. Iliya yana da mata da 'ya'ya huɗu, ga mutanen garinsu kusan layi guda a kan injinan. Ta ce ya bari sai baɗi. Baɗi Bature ya tafi, gasar ta mutu. Bayan 'yan shekaru masaƙar ma aka sa mata kwaɗo, duk waɗanda aka yi shirun dominsu aka sallame su rana ɗaya."

Gaye, a ranar ban san yadda na kai gida ba. Duk zagin da na yi wa tsohuwar tatsuniya, a gabanta na yi shi, tana miƙo min gyaɗa.

Na ciro waya na rubuta sunan ƙasar. Ashe da gaske ne. Jerin yana nan, shekara bayan shekara, tun kafin a haifi babana. Suna, kulob, shekara. Wani ya ci sau da yawa, wani sau ɗaya tak. Wani ya tafi manyan kulob na Turai, wani ya dawo ya zama kocin ƙasar, wani ba ka ƙara jin ɗuriyarsa ba, amma layinsa yana nan. Ƙasar da yanzu ake ruwan bama-bamai a kanta, ba su fasa riƙe sunayen 'yan ƙwallonsu ba. Mu kuwa faranti ɗaya muka taɓa yi, shi ma ba sunan mai shi ba ne a jiki.

Na daɗe ina jin haushin Iya. Yanzu ban sani ba. Mace ce da aka ajiye wa 'ya'ya biyu aka ce ta zaɓa, ta zaɓi mai iyali, ta kuma san abin da ta binne. Ba ta iya ce wa ɗanta ya yafe mata ba, sai ta tara jikoki duk damina ta sa su zage ta. Abin da har yanzu yake ci na shi ne "baɗi ma shekara ce". Ƙafa ba ta jiran baɗi.

Jiya da daddare Baffa Iliya ya kira ni. Murya fes. "Ɗana, na ji labari. Ai na faɗa musu, jini ba ya ɓuya. Ka gaje ni." Na ce, "Na gode, Baffa, Allah Ya ƙara girma." Me zan ce? Ya faɗa ya faɗa har ina jin shi kansa ya yarda.

Babana kuwa bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin dama ya shanye, magana sai da ƙyar. Ɗazu na kai masa farantina, na ɗora masa a cinya. Ya sa yatsan hagu yana bin zanen. Ya wuce Naziru da sauri. Da ya zo kan Habu sai ya tsaya, ya koma farko, ya sake bi. Ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya faɗa maka?"

Na ce, "Iya ce, Baba. Tun ina ɗan shekara shida take faɗa min."

Ya juya fuskarsa bango. Bai saki farantin ba, har yanzu yana hannunsa.

Amma wannan nawa ne, sunansa a bayan nawa yake. Nasa yana Na'ibawa. Ba na neman a cire shi daga bangon Baffa, ba na neman rigima a dangi. Malam Ɗan'azumi ya rasu da azumin da ya wuce, kuma shi kaɗai na sani da ya gani da idonsa. Abin da nake nema mutum ɗaya ne, wanda ya buga ko ya kalli gasar kamfanonin nan a shekarar Baturen inji, ya zo Ɗorayi ya zauna a gaban babana, ya kira shi da sunansa na gaskiya, ya ce masa, Habu, kai ne ka ci. Ni zan zo da babur in ɗauke shi, in kuma mayar da shi gida.

Don Allah ku tura wannan gaba. Ku sa a gurup ɗin unguwa, ku karanta wa iyayenku da suka yi aiki a Sharaɗa, Challawa ko Bompai. Ku tura yau, kada ku bari sai baɗi.